Daga Allurar Ƙarshe Zuwa Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe

Tambayar farko da aka yi mini ranar da na je yin rajista a cibiyar kula da masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi ita ce, yaushe rabona da hiroyin. Na ce tun jiya da daddare. Ma'aikaciyar jinyar ba ta musa mini ba, sai ta kunna 'yar tocila ta haska idona, ta kashe, sannan ta ce, "Malam, baƙin tsakiyar idonka bai fi kan allura girma ba, kuma wanda ya kwana bai taɓa ba, ba haka idonsa yake zama ba. Ka faɗa mini gaskiya, domin da lissafin awannin nan za a ba ka magani, idan kuwa lissafin ya karkace kai ne za ka ji a jikinka." Na sunkuyar da kai na ce awa uku ke nan. Ta rubuta ba tare da ta ƙara cewa komai ba.

A lokacin shekarata shida cikin wannan hali. Mafarin abin karaya ce na samu a cinya, aka yi mini aiki, aka rubuta mini ƙwayar kashe zafi mai ƙarfi daga dangin ofiyom, kuma ba na ɗora wa kowa laifi a kan hakan, domin ciwon ya cancanci maganin. Ƙashi ya haɗe, takardar likita ta ƙare, amma ni ban gama da ƙwayar ba. Na ci gaba da nemanta a bayan fage har ta yi wuyar samu, sai wani da muke haɗuwa wajen saye ya nuna mini wani gari ya ce aikinsu ɗaya. Mutane da yawa suna haɗa hiroyin da hodar iblis su kira su da suna guda, alhali aikinsu a jiki kishiyar juna ne: hodar iblis zaburar da mutum take yi ta sa zuciyarsa gudu, ita kuwa hiroyin kwantar da komai take yi, har da numfashi. Na fara da zuƙar hayaƙinta, ina gaya wa kaina cewa muddin ban kai ga allura ba, ban shiga sahun waɗanda nake rainawa ba. Shekara ɗaya da 'yan watanni wannan iyaka ta yi kafin na tsallake ta.

Ba zan ɓoye abin da take sa mutum ya ji ba, domin ɓoye shi yana sa wanda ya ɗanɗana ya ɗauka duk sauran gargaɗin ma ƙarya ne. A karon farko amai na yi ta yi, kamar yadda yake faruwa ga mutane da yawa. Daga baya sai ya zama ɗumi ne yake taso mini daga ciki ya game jiki cikin daƙiƙoƙi, baki ya bushe, hannuwa da ƙafafu su yi nauyi, hanci da fuska su ɗauki ƙaiƙayi, kai ya riƙa rinjaya ina gyangyaɗi tsakanin barci da ido biyu. Abin da ya fi kama ni shi ne yadda damuwa take ɗaukewa ɗungum. Bashin da ake bina yana nan, aikin da nake neman rasawa yana nan, ina sane da su sarai, amma sun daina ci mini rai na wasu awanni. Wannan hutun na yi ta bi, kuma bai fi watanni kaɗan ina samunsa yadda na same shi da farko ba.

Likitan cibiyar ne ya fara yi mini bayanin dalili, daga baya na karanta na ƙara fahimta. Daga ƙaron da ake tatsa a jikin ƙwallon furen popi ake samun ofiyom, daga ofiyom ake fitar da mofin, hiroyin kuwa mofin ce da aka yi wa ƙari domin ta fi saurin kutsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. Da ta shiga, jiki yana mayar da ita mofin, ta je ta zauna a wasu gurabe da ke jikin ƙwayoyin jijiya. Masana sun tabbatar da samuwar waɗannan gurabe a 1973, kuma bayan shekara biyu aka gano cewa jiki da kansa yana ƙera sinadaran da suke zama a cikinsu domin rage zafi da sanya natsuwa. Idan aka riƙa cika gurbin daga waje kullum, jiki sai ya rage nasa, ya kuma daidaita sauran ayyukansa a kan cewa baƙon nan yana nan har abada. Shi ya sa adadin da ya bugar da ni a watan farko ya zama a shekara ta biyu bai fi abin da zai ba ni damar tashi in wanke fuska ba. A shekarun ƙarshe ba maye nake saye ba, lafiyar rabin yini nake saye, sau uku ko huɗu a rana.

Wani abin mamaki da likitan ya faɗa mini shi ne an taɓa sayar da ita a matsayin maganin tari. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Alder Wright ne ya fara haɗa ta a Landan a 1874, sannan kamfanin Bayer na Jamus ya fito da ita kasuwa a 1898 da wannan suna da aka san ta da shi har yau, kafin a gane irin kamun da take yi, Amurka ta haramta ƙera ta a 1924. Da ya faɗi haka na tuna cewa cikin shekarun nan shida da wuya in ce ga ranar da na yi tari sosai, ko da mura ta kama ni. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da take dannewa har tari ya tsaya yana maƙwabtaka da wanda yake umartar ƙirji ya ja iska, kuma ta nan take kashe mutane. Akwai kuma abubuwa biyu da jiki ba ya sabawa da su ko an shekara goma: tsukewar baƙin ido, wanda ya tona mini asiri a gaban ma'aikaciyar jinya, da maƙarƙashiya. Nakan yi kwana biyar ban zaga ba, har basir ya fito mini, ga haƙora biyu da suka ruɓe saboda bushewar baki da rashin kula, ga sha'awar iyali da ta mutu murus.

Kafin in je cibiyar na yi ƙoƙarin bari da ƙarfin kaina har sau biyu. Na farko bai kai kwana biyu ba. Na biyun shi ne wanda na roƙi yayata ta kulle ni a ɗaki a gidanta, ta riƙe makullin da wayata, kuma na ce mata duk abin da zan faɗa kada ta buɗe.

Kimanin awa goma bayan allurar ƙarshe hamma ta fara, irin wadda take neman tsaga muƙamuƙi, ɗaya bayan ɗaya, hawaye da majina suna zuba kamar mai sabuwar mura, ga atishawa a jere. Zuwa dare tsigar jikina ta tashi ta ƙi kwanciya, ina rawar sanyi a cikin bargo alhali gumi ya jiƙa zanen gadon sharkaf. A rana ta biyu cikina ya fara murɗawa, gudawa da amai suka haɗu a lokaci ɗaya har na rasa wanda zan fara tara wa bokiti. Duk ruwan da hanjina ya riƙe na shekaru kamar a ranar ya sake shi. Ƙasusuwan bayana da cinyoyina suna ciwo kamar ana sara, amma abin da ya fi gallabata shi ne ƙafafu, domin ba sa yarda su tsaya wuri ɗaya: in na miƙe su sai su nemi a naɗe, in na naɗe sai su harba da kansu, har na goge fatar idon sawuna a jikin bango. Na kalli madubi na ga baƙin idona ya buɗe ya kusa cinye sauran. Barci kuwa babu shi ko na minti goma, kuma kowace awa tana tafiya kamar yini. A daren kwana na uku, wanda shi ne ƙololuwar abin, na durƙusa a bakin ƙofa ina cewa, "Yaya, don girman Allah ki buɗe, mutuwa zan yi." Ina jin numfashinta a bayan ƙofar, tana kuka, amma ba ta buɗe ba.

Daga baya na fahimci cewa duk abin da hiroyin take dannewa shi ne yake tasowa da ƙarfi idan aka janye ta. Akwai wani ɗan gungun jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa da yake fitar da sinadarin da ke sa mutum zama cikin shiri da firgici, ya yi shekaru yana ƙara ƙarfi domin ya rinjayi abin da ya danne shi, to da aka ɗauke dannin sai ya ɓalle. Wannan ciwo ba kasafai yake kisa da kansa ba, amma gudawa da aman suna iya ƙarar da ruwan jiki har su kai mutum ga halaka idan ba a mayar masa da ruwa da gishiri ba, kuma mu biyun ba mu san haka ba a lokacin. Sa'a kawai muka ci. A kwana na biyar na iya riƙe ruwa a cikina, a na bakwai na fito tsakar gida da ƙafafuna.

Kowa ya yi murna, ni ma na ɗauka an gama. Ba wanda ya gaya mana cewa makonnin da suke biyo bayan wannan su ne mafi haɗari a rayuwar mai shan hiroyin. Jiki yana zubar da sabon da ya yi cikin kwanaki kaɗan, amma ƙwaƙwalwa tana riƙe da lissafin adadin da hannu ya saba aunawa. Mako uku na yi ban taɓa ba, ba na barcin kirki, komai ya zama lami a bakina da zuciyata, sai wata rana na bi ta wata hanya da na saba bi, kafin in ankara na riga na saya. Na ce sau ɗaya ne kawai, na ma rage kaɗan daga abin da na saba. Abin da na sani bayan nan shi ne na buɗe ido a ƙasan banɗaki, wasu mutane biyu sanye da kayan aiki a kaina, yayata a tsaye ta dafe bango.

Ita ta ba ni labarin abin da ya faru. Ta ji wani irin minshari mai kama da kakari, da farko ta ce barci ne ya ɗauke ni a inda bai kamata ba, har ta juya za ta tafi, sai ta lura cewa tsakanin wani numfashin da wani akwai tazara mai tsawo. Da aka ɓalle ƙofar leɓɓana da faratana sun koma toka-toka, ta jijjiga ni ta kira sunana ban motsa ba. Ma'aikatan motar asibiti suna zuwa suka ɗaga fatar idona, suka ba ni iska, suka yi mini allurar nalokson, wadda take tunkuɗe hiroyin daga gurbinta ta zauna ba tare da ta yi aikinta ba. Cikin minti biyu zuwa uku na farfaɗo. Abin kunyar da ba na mantawa shi ne ban gode musu ba, zaginsu na yi, domin farfaɗowar ta zo tare da duk ciwon nan na kwana uku a dunƙule. Na ce zan koma ɗaki, suka ƙi, suka ce aikin nalokson yana ƙarewa tsakanin minti 30 zuwa 90, abin da na zuba a jinina kuwa yana iya fin haka daɗewa, saboda haka numfashin yana iya sake tsayawa bayan sun tafi. A asibiti na kwana, kuma daga nan aka ba ni takardar zuwa cibiyar. Kwana tara takardar ta yi a aljihuna, ina ci gaba da allura, kafin na kai ta.

Bayan tambayar awanni, rajistar ta ɗauki kusan rabin yini. An tambaye ni sau nawa nake yi a rana, ta wace hanya, ko ina haɗawa da giya ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, domin haɗa su da dangin ofiyom yana ninka haɗarin tsayawar numfashi, kuma da yawa daga waɗanda suke mutuwa ba abu ɗaya ake samu a jininsu ba. An tambaye ni ko na taɓa amfani da sirinjin wani. Na ce a'a, sai ta ce, "To cokali fa, da ruwan, da audugar tacewa?" Na yi shiru, domin ban taɓa lissafa su ba. An karɓi fitsari, aka ɗebi jini, kuma ɗibar jinin ta zama aiki, saboda jijiyoyin hannuwana sun ƙone sun zama kamar igiya a ƙarƙashin fata, sai a bayan tafin hannu aka samu a gwaji na huɗu. Likitan ya duba wani maruru da ke damtsena wanda na yi mako biyu ina rufewa da dogon hannun riga, ya ce sai an tsaga an fitar da mugunyar a ranar, sannan ya daɗe yana sauraren ƙirjina. Ya ce ƙwayoyin cutar da suke kan fata suna bin allura su shiga jini su maƙale a marufan ƙofofin zuciya, musamman na ɓangaren dama, su ci su, kuma zazzaɓin da ya ƙi tafiya ga mai allura ba abin wasa ba ne. Tawa zuciyar ta tsira. Wani da muka riƙa haɗuwa a layi daga baya, tasa ba ta tsira ba, sai da aka buɗe ƙirjinsa.

Sai aka zo zaɓin magani. Akwai metadon, wanda ake sha sau ɗaya a rana domin yana daɗewa a jiki, ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali, tun da yana taruwa cikin kwanakin farko kuma shi ma yana iya tsayar da numfashi idan an yi gaggawa. Akwai bufrenofin, wanda yake kama gurbin da ƙarfi ƙwarai amma ba ya kunna shi gaba ɗaya, saboda haka illarsa ga numfashi tana da iyakar da ba ta cika wucewa ba. Na zaɓi na biyun. A nan ne na gane dalilin tocilar: idan aka sha bufrenofin alhali hiroyin tana zaune a gurbin, zai fizge ta ya maye wurinta da abin da bai kai ta ƙarfi ba, sai mutum ya faɗa cikin ciwon janyewa mai tsanani cikin ƙasa da awa ɗaya. Dole ne sai an jira ciwon ya fara da kansa. Aka ce in tafi gida kada in taɓa komai daga yammacin ranar, in dawo da safe.

Awa goma sha shida na yi. Yayata ce ta kawo ni, ina hamma ina share majina, gwiwoyina suna karkarwa a kan benci. Ma'aikaciyar ta ɗauko wata takarda mai abubuwa 11 da ake ba wa maki: bugun zuciya, gumi, rashin natsuwa, girman baƙin ido, ciwon gaɓɓai, majina da hawaye, damuwar ciki, rawar hannu, hamma, ƙunci, da tashin tsigar jiki. Ta sa na miƙa hannuwana ta ga rawarsu, ta shafa fatar damtsena, ta ƙirga hammar da na yi a gabanta, ta tara maki ta ce bai kai ba, in ƙara awa ɗaya. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane ta a wannan awar ba. Da ta sake aunawa ta ce ya yi, sai ta ba ni 'yar ƙwaya ta miligiram 4 ta ce in sa a ƙarƙashin harshe, kada in tauna, kada in haɗiye, kada in yi magana, domin in ta bi ta ciki hanta za ta lalata mafi yawanta kafin ta kai inda ake so. Tana da ɗaci, ta kuma ɗauki kusan minti goma kafin ta narke. Na zauna ina jiran ɗumin da na sani, bai zo ba. Bayan kamar minti arba'in sai kawai na lura ƙafafuna sun tsaya, hancina ya bushe, ina jin hirar da ake yi a bayan taga har ina fahimtar abin da ake cewa. An ƙara mini wata kafin in tafi, kuma cikin kwana uku aka tsayar da ni a miligiram 16.

A makonnin farko kullum da safe sai na je an ba ni a gaban ma'aikaci, in buɗe baki ya ga ta narke. Na ji hakan ƙasƙanci ne, amma shi ya ba safiyata tsari bayan shekarun da ba abin da yake tashe ni sai ciwo. A mako na biyu sakamakon jini ya fito. Ba ni da cutar ƙanjamau, amma ina ɗauke da ciwon hanta nau'in C, wanda yake iya shekaru ashirin yana cin hanta ba tare da mai shi ya ji komai ba. Na ɗauka hukuncin kisa ne aka karanta mini, sai likitan ya ce magungunan yanzu suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari a mako 8 zuwa 12. Na sha nawa na mako 12, aka sake gwaji bayan wasu makonni 12 ba a ga ƙwayar cutar ba. Ya gargaɗe ni cewa warkewar ba ta ba da kariya, ana iya sake ɗauka, kuma nau'in C ba shi da rigakafi, na nau'in B ne aka yi mini.

Wanda ya fi wahalar shawo kai a wannan mataki yayata ce. Ta bi ni wurin likita wata rana ta ce, "Likita, ni fa ban gane ba. Na kawo shi a raba shi da ƙwaya, ga shi kun ɗora shi a kan wata. Yaushe zai daina?" Likitan bai yi mata musu a kan cewa jikina ya dogara da maganin ba, ya ce haka ne, in an tsayar da shi yau zan yi ciwo. Amma ya ce ta dubi abin da ya canza: ba na allura, ba na neman kuɗi ido rufe, ba na hawa da sauka sau huɗu a rana, kuma adadin da nake sha ba ya ƙaruwa. Ya ce tun 1965 da likitoci biyu a Amurka, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka wallafa sakamakon riƙe masu shan hiroyin a kan metadon ake tara hujja, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka metadon da bufrenofin cikin jerin muhimman magungunan da bai kamata a rasa su ba a 2005, kuma haɗarin mutuwa ga wanda yake kan maganin ya kai kusan rabin na wanda ba ya kai. Sannan ya ce, "Hanyar da kuka bi a baya, ta kulle ɗaki, kin ga inda ta ƙare." Ba ta amsa ba. Kafin mu fita ya ba ta nalokson na feshin hanci, ya nuna mata yadda za ta kwantar da ni a gefe ɗaya, ya ce ko na farfaɗo ta kira motar asibiti.

A wata na huɗu na zame. Ba wani babban abu ne ya faru ba, saɓani ne a wurin aiki, sai warin wani abu da aka ƙona ya tuna mini da hayaƙin da na fara da shi. Na saya na yi, ban ji kusan komai ba, domin bufrenofin ya riga ya tare gurbin. Na yi niyyar ɓoyewa, amma na san fitsari zai faɗa, don haka na riga shi. Ban ga fushi a fuskar likitan ba sai da sakamakon ya fito, domin tare da mofin an ga fentanil, wanda ya fi hiroyin ƙarfi kusan sau 50, kuma ni ban san na sha shi ba. Ya ce mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ƙullin da aka miƙa masa, ƙulli biyu daga hannu ɗaya suna iya bambanta ninki da yawa, kuma irin wannan gauraye ne ya sa waɗanda suka mutu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima a Amurka suka haura dubu 100 a shekarar 2021 kaɗai. Ba a kore ni ba. An mayar da ni zuwan kullum bayan da na samu sassaucin karɓar na mako guda, aka kuma ƙara mini zama da mai ba da shawara, wanda ya sa na rubuta wurare da lokuta da mutanen da suke tayar mini da sha'awar. Na cika shafi biyu, na kuma goge lambobi bakwai daga wayata a gabansa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsawon lokacin da jin daɗin abubuwan yau da kullum yake ɗauka kafin ya dawo. Na yi wata shida ina aiki ina komawa gida kamar wanda aka aika, ba baƙin ciki ba murna. Barci ya daidaita a hankali, mafarkin allura kuwa har yanzu yakan zo, in farka ina laluben damtsena. Maƙarƙashiyar ba ta tafi gaba ɗaya ba, tun da maganin ma ɗan dangi ne.

Bayan shekara biyu ni na tayar da maganar ragewa, likitan ya ce ba ya hana ni, amma ba ya so in yi don kunyar mutane, kuma akwai waɗanda zama a kan maganin shekaru masu yawa shi ne daidai a gare su. Muka yi yarjejeniya cewa za a riƙa cire miligiram 2 bayan kowane wata biyu, kuma duk ranar da na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashina a koma baya ba tare da dogon bayani ba. Daga 16 zuwa 8 ban ji komai ba sai 'yar hamma ta kwana biyu. Daga 6 zuwa 4 ƙafafuna suka dawo da halinsu na dare, na daure mako uku, sannan na je na ce a mayar da ni 6, aka mayar. A nan nake yanzu, wata na biyar ke nan, kuma ba mu sa ranar sake gwadawa ba. A zuwana na ƙarshe yayata ta ba ni feshin nalokson ɗin da yake jakarta ta ce in nuna musu, domin kwanan watan da ke jikinsa ya wuce, ba a taɓa buɗe shi ba. Ma'aikaciyar nan mai tocila ta karɓa ta jefa a kwandon magungunan da suka lalace, ta ɗauko sababbi guda biyu, ta ce ɗaya na Yaya, ɗaya kuma in ajiye a inda wanda nake kwana tare da shi zai iya gani.